Karatun bayan isha'i: ni da Inna da littafin takwararta

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025, Birnin Kebbi

Mamana ta kawo littafin yau da hantsi, a cikin baƙar leda kamar wadda ta sayo tsire. 'Yar yayata ce. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa duk gidanmu babu mai kama sunan. Ni Mamana nake ce mata, Inna kuwa takwara. Shekara biyu ke nan tana rubuta shi a waya tsakanin darussan jami'a, yanzu ta kai shago an buga mata a takarda, shafi 212, babi 19. Da ta miƙo mini sai ta ce, "Kawu, jan biro nake so, ba addu'a ba." Na ce duka biyun za ta samu.

Labarin bincike ne. Wani masaukin baƙi a bakin ruwa kusa da Argungu, tsakiyar bazara, aka wayi gari aka tarar da wani Alhaji dillalin shinkafa a mace a ɗaki na 7, ƙofa kulle ta ciki. Mutum takwas ne suka kwana a harabar. Mai binciken ba 'yar sanda ba ce, malamar asibiti ce da ta sauka a ɗakin da ke maƙwabtaka da nasa.

Na yanke shawara ba zan karanta shi ni kaɗai a zuci ba. Kullum bayan isha'i zan shimfiɗa tabarma a tsakar gida in karanta wa Inna da ƙarfi. Tun da yanar ido ta kama ta, rediyo ne kawai abokin hirarta. Kuma shekarun da na yi ina koyar da Hausa a sakandare sun nuna mini cewa jimlar da ido ya yafe wa, kunne ba ya yafe mata.

Litinin, 7 ga Afrilu

Babi na 1 da na 2. Ba mu wuce shafi na uku ba Inna ta tsayar da ni. An ce baƙin nan duk hutu suka zo yi, har wata amarya na zaune bakin ruwa da azahar tana shan iska.

"Hutu? Argungu? Cikin wanga zahi? Ko dai an koro su daga gida na?"

Na yi dariya har takardu suka zube, amma gaskiyarta. Na san inda Mamana ta samo wannan. A Turai daga Yuni zuwa Agusta ne makarantu ke rufewa, mutane su kwashi iyali su nufi bakin teku neman rana, domin rana baƙuwa ce a wurinsu. Marubutansu na labarin kisa sun daɗe da gano amfanin abin: ka tara baƙin da ba su san juna ba a otal ɗaya, ka kashe ɗaya, sauran kowa abin zargi ne, kuma ba wanda zai iya cewa ba ya nan. Dabarar tana da kyau, ban hana ta ɗauka ba. Amma mu a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kare ma inuwa yake nema. Masaukan Argungu lokacin bikin kamun kifi suke cika, wajen Fabrairu ko Maris. Bayan nan duk wanda ka gani ya kama ɗaki, akwai abin da ya kawo shi.

Abin da na rubuta mata a gefen shafi ke nan: ki ba kowa dalili. Alhajin yana da nasa, girbin shinkafar rani ya matso, ya zo kama manoma tun kafin wasu su riga shi. Sauran fa? Wannan ya zo bin bashi, waccan ta zo biko, wancan aikin gwamnati. Da zarar kowa na da dalilin da ya faɗa, akwai damar a samu wanda nasa ƙarya ne.

Sai harshe. A shafi na 9 an ce malamar asibitin ta ga gawa sai "zuciyarta ta tsallake bugu ɗaya". Inna ta tambaya ko ita ma ciwon zuciya gare ta. Gabanta ne ya faɗi, Mamana. Na ja layi ƙarƙashin irin wannan guda bakwai a babi biyu.

Kuma tagogin ɗaki na 7 duk a rufe suke, har da labule. A Afrilu. Na sa babbar alamar tambaya.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Babi na 3 zuwa na 5, kuma a nan na fara zama da kyau a kan tabarma.

Babi na 4 a kicin yake gaba ɗaya. Mai dafa abincin masaukin, wata bazawara mai baki, tana gyaran tarwaɗa, tana zuba mata ruwan zafi don yauƙin ya fita, malamar asibitin na tsugune tana taya ta ɓare albasa tana jan ta da hira. Babu tambaya ko ɗaya da ta yi kama da ta bincike. Amma kafin miya ta tafasa mun ji wanda bai ci tuwonsa ba daren jiya, da wanda ya aiko a ƙara masa ruwan sanyi ƙarfe ɗaya na dare, da wanda ya ba da tukuicin da ya fi ƙarfinsa. Matar tana magana tana katse kanta, ta zagi wuƙa, ta koma. Ban taɓa wannan babi da biro ba ko sau ɗaya. Nan Mamana ta daina tuna littattafan da ta karanta, ta tuna matan gidanmu.

A babi na 5 na koma aikina. Hajiya mai masaukin tana da ma'aikata huɗu, kuma duk sanda za ta ambaci saurayin da ke kula da janareta sai ta ce "wancan yaron". Na ƙirga, sau goma sha ɗaya. Na kewaye su duka da ja, na rubuta: maimaici, ki sa sunansa.

Inna ta ce in koma baya in sake karanta inda Hajiyar ke raba aikin safe. Na sake. Ta yi shiru tana murza carbi, can ta ce:

"Kowa ta kira sunanai, ban da shi. Wanga yaro ɗanta na. Ɗan hwari."

Na ce Inna, ai an faɗa a babi na 3 cewa maraya ne da aka ɗauko daga wajen Augie. Ta ce to, a ci gaba. Na yi mata alkawari in maganarta ta tabbata, giwan ruwa zan sayo mata, ba tarwaɗa ba. Ni dai manajan nake zargi. Mutumin da ke yawan cewa "wallahi" tun ba a tambaye shi ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ba karatu kwana biyu. An ɗauke wuta tun Juma'a, fitilar ta mutu, ga ƙafar Inna ta tashi. Na kuma gano mai shagon ya haɗa shafi na 71 zuwa 78 a juye, na warware na jera.

Laraba, 16 ga Afrilu

Babi na 6 zuwa na 9. Nan ne babbar matsalar littafin, kuma ina jin nan ne arzikinsa yake kwance ba ta gani ba.

Alhaji ya rasu daren Talata. A littafin, har ranar Juma'a gawarsa na ajiye ana jiran likitan da zai zo ya duba, 'ya'yansa kuma na zaune a masauki suna amsa tambayoyi cikin ladabi. Inna ta kasa haƙuri. Ta ce wane irin 'ya'ya ne waɗannan, ubansu kwana uku ba a sa shi makwancinsa ba, suna shan shayi? Duk wanda ya taɓa zaman makoki a ƙasar nan ya san yadda abin yake. Mutum ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa wanka, an sa likkafani, an sallace shi. In ka ce a dakata a bincika, ba hujja za a kawo maka ba, cewa za a yi, "Kwanansa ne ya ƙare, kada a wahalar da gawa." Kuma mai faɗin haka ba mugu ba ne, yawanci shi ne wanda ya fi kowa son mamacin. Balle a wannan zafi, da ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Mamana ta ga wannan a matsayin cikas, sai ta kauce masa, ta ari tsarin wata ƙasa inda gawa kan yi mako a firji. Ni kuwa gani nake shi ne labarin. A ce malamar asibitin nan ba ta da kwana uku, daga asuba zuwa azahar kawai gare ta. Ana haƙa kabari tana ƙirga awoyi. Mace ce, baƙuwa, ba muharramarsa ba, ba ta da hanyar shiga inda ake wankan. Mutum ɗaya ne zai ga jikin Alhaji da kyau, shi ne mai wankan gawa. Shi kuma tun yana almajiri aka koya masa cewa abin da ka gani a jikin mamaci amana ce, ba a fita da shi. To in ya ga abin da bai kwanta masa ba fa? Ya yi shiru ya rufa asirin mamaci, ko ya yi magana ya tona na mai rai? Ban san wani marubucin waje da zai iya rubuta wannan babi ba, ita kuwa tana iyawa, domin kakanta na wajen uba shi ke wankan gawa a unguwarsu har ya tsufa.

Na cika bayan shafi biyu da wannan. Wataƙila na wuce gona da iri. Littafinta ne, ba nawa ba. Amma ita ta ce jan biro.

Asabar, 19 ga Afrilu, Argungu

Na shiga mota da sassafe, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Dalili biyu suka kawo ni, duka daga babi na 10.

Na farko, manajan ya tsaya gaban baƙi ya yi shafi huɗu yana ba da tarihi. Na bi shi layi layi ban kama shi da kuskure ba. Bikin kamun kifin ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. Gidan tarihi na Kanta, inda na fake wa rana yau, tsohuwar fada ce da aka gina a 1831, aka mai da ita gidan tarihi a 1958. Duk daidai. Sai dai akwai gawa a ɗaki na 7, kuma ba wanda ke son jin shekarar da aka gina fada alhali bai san wanda ya riƙe mabuɗi ba. Inna ta yi barci a shafi na biyu na jawabin, na ji munsharinta.

Abin haushi, tarihin da zai yi mata aiki shi ne ta bari. A bikin 2008 an ƙwace nasara daga wanda ya zo na ɗaya, bayan an gano ƙaton kifin da ya fito da shi ya riga ya mutu tun kafin a shiga ruwa. Ga labarin bincike a ƙofar gida: dubban mutane na kallo, ga homa ga gora, amma aka shigo da mataccen kifi. Layi uku a bakin mai dafa abinci sun isa, kuma za su shuka wa mai karatu tambayar da littafin ke bukata, wato yaushe ainihin abu ya mutu, ba yaushe aka gan shi ba.

Na biyu, a babin akwai wani da ke jefa taru a Matan Fada, ruwan da ake yin bikin a cikinsa, da rana tsaka, shi ne ma ya tsinci wayar Alhaji. Na sami wani dattijo masunci a inuwa yana ɗinkin koma, na gaishe shi, na karanta masa wurin. Ya dube ni ya ce, "Malam, Matan Fada? Ba da izinin Sarkin Ruwa ba?" Wurin a tsare yake, ana barin kifin ya girma saboda biki. Wanda duk ya jefa taru a nan da rana, kafin ya naɗe shi labari ya kai fada. Ya ce in dai yarinyar na son a tsinci waya, ta ba yaran da ke wanka a mashaya, su ba abin da ke faɗawa ruwa ya wuce su. Na rubuta. Na tambaye shi yadda ake gane kifin da ya kwana, ya ce ido da jan da ke ƙarƙashin kumatu, ya ƙara da cewa wannan ko matarsa ta sani.

Ban sayi giwan ruwa ba. Na ga babu dalili tukuna.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Akwai dalili.

Babi na 14. Na nemi izinin Mamana kafin in rubuta wannan, ta ce in rubuta, wanda ya san gida zai gano da kansa tun babi na 5. 'Yan sanda sun kama yaron janareta. Hajiya ta bi su har bakin mota ba mayafi, ta ce ita ta kashe Alhaji, a sake shi. Ƙarya take yi, kowa ya gani. Sufeton ya tambaye ta me ya haɗa ta da ɗan aiki da za ta ɗauki laifinsa. A nan, karo na farko cikin shafi 150, ta buɗe baki ta kira sunansa. Ɗanta ne na auren fari, wanda dangin uba suka karɓe tun yana ɗan shekara biyu, ta neme shi ta kawo shi kusa da ita a matsayin ma'aikaci ba tare da mijinta na yanzu ya sani ba.

Muryata ta ɗan sarƙe a wurin, na fake da tari. Inna ba ta ce ta faɗa mini ba. Cewa ta yi, "Allah sarki," ta goge ido da bakin zane, sannan ta tambaya ko giwan ruwan soyayye za a kawo ko ɗanye.

Da ta shiga ɗaki na ɗauko babi na 5 na bi da'irori goma sha ɗayan nan ina soke su ɗaya bayan ɗaya. Ni da na shekara ina koya wa yara alkunya a aji, ina rubuta "ɗan fari" a allo, ni da ban taɓa jin Inna ta kama sunan babban yayanmu ba har ya rasu, na ga abin sau goma sha ɗaya na kira shi maimaici. Yarinyar ta ajiye shaidar a fili, ba ta ɓoye komai ba, ta dogara da cewa ɗan boko zai karanta da ido ya wuce. Manajan kuwa ba ruwansa, wallahinsa gaskiya ce.

Talata, 29 ga Afrilu

Mun gama. Babi na 15 zuwa na 19 a dare biyu, domin Inna ta hana a tsaya.

Tagogin da na sa wa alamar tambaya su ne makamin. An jawo ƙaramin janareta aka ajiye shi a lungun da ke bayan banɗakin ɗaki na 7, bakin hayaƙinsa na fuskantar 'yar tagar sama. Alhaji ya rufe ko'ina saboda na'urar sanyaya ɗaki na aiki, ya kwanta, bai tashi ba. Ta yi karatun abin sosai. Iskar da ke kisa a hayaƙin ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200, mai barci ba ya farkawa balle ya nemi ƙofa. Kowa a nan ya taɓa jin gidan da aka wayi gari iyali duka sun tafi ta wannan hanya, shi ya sa kisan ya yi kama da tsautsayi, kuma shi ya sa zargi ya faɗa kan yaron. Wannan dabara ce ta ƙasarmu, ba aro ba.

Amma ban janye alamar tambayata duka ba. Ba a ambaci na'urar sanyin ba sai a babi na 16. Dole mai karatu ya ji ƙugin ta tun daren farko, ko ya ji wani baƙo na ƙorafin cewa ɗaki na 7 kaɗai ke da ita. Kuma irin wannan mutuwa takan bar ja a leɓe da farce, abin da mai wanka zai gani. Ga inda shawarata ta ranar 16 ta sami ƙafa.

Wanda ya yi kisan ba zan faɗa ba. Abin da zan ce, bai shigo labarin da ƙafarsa ba sai babi na 15, kafin nan sau ɗaya aka ambace shi a waya. Wannan cin amana ne. Marubuciyar da ta nuna mini uwa sau goma sha ɗaya ban gani ba, ba ta da uzurin ɓoye mini mai kisa a bayan labule. Babin ƙarshe kuma, inda aka tara kowa a falo malamar asibitin ta yi jawabi, shi kuma ya miƙe ya amsa laifinsa tiryan-tiryan, Inna ta ce ba ta taɓa ganin ɓarawon akuya ma ya yi haka ba.

Lahadi, 4 ga Mayu

Mamana ta zo da la'asar, hadari na haɗuwa ta gabas yana watsewa. Mun zauna da takardun tsakaninmu kusan awa uku, Inna na gefe tana cin kifinta tana sa baki.

Ta karɓi maganar dalilan baƙi, ta karɓi yaran mashaya, ta karɓi na'urar sanyi. Mai kisan za ta shigo da shi tun babi na 3, ya zauna sahu ɗaya da Alhaji a sallar magariba. Maganar mai wankan gawa ta yi shiru a kanta har na zaci ta ji haushi, can ta ce, "Kawu, wannan zai sa in rushe babi huɗu." Na ce haka ne. Ta ce za ta je wurin gwaggonta ta tambayi yadda kakanta ke yi in ya dawo daga wanka, ko yakan ci abinci, ko yakan yi magana.

Jawabin tarihi kuwa ta ƙi. Ta ce za ta rage shi zuwa shafi ɗaya amma ba za ta cire ba, domin ƙawayenta na Kano da Kaduna ba abin da suka sani game da Argungu sai hoton kifi. Na ce shafi ɗaya ma ya yi yawa. Ta ce littafinta ne. Taron falo ma tana so ta riƙe, wai masu karatu na jiransa. A nan ba mu daidaita ba, mun bar shi sai zagaye na biyu.

Da ta ga da'irorin da na soke a babi na 5 ta dube ni, ta dubi Inna, ta rufe baki da gyale. Inna ta ce, "Takwara, bar shi, malami na."

Jarrabawarta za ta ƙare a watan gobe, ta ce sabon babi na 6 zuwa na 9 zai iso bayan nan. Ta kwashe takardun ta mayar cikin leda, ban da babi na 4. Inna ta riƙe shi, ta ce a bar mata matar kicin ɗin nan, yau bayan isha'i zan sake karanta mata.